Darasi Daga Shagon Masu Nutso: Me Ke Dawo Da Abokin Ciniki Rumfarka?



Akwai ƙorafin da ya yi yawa a bakin 'yan kasuwarmu kwanakin nan. Duk majalisar da ka zauna bayan la'asar sai ka ji shi: wai kwastoman yanzu ba shi da alƙawari. Mutumin da ka shekara biyar kana auna masa wake, rana ɗaya sai ka hango shi a rumfar gaba saboda ragin naira ɗari biyu. Masu saye kuma nasu kukan daban ne. Cewa suke mai shago ba ya ganin mutuncinka sai ranar da ka zo da kuɗi a hannu. A ganina kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Abin da ya sa na yi wannan rubutu kuwa, wata hira ce da na yi da wani matashinmu a kan sana'ar da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba.

Yaron yana aiki ne da wasu masu nutso a wajen Apapa, mutanen da ke shiga ƙarƙashin ruwa su duba ƙasan jirgi. Shi ba ya shiga ruwa. Aikinsa ɗaukar kaya da wanke su, da kai tukwanen iska a cika. Waɗannan ba irin masu haƙo yashi ba ne da muke hangowa a cikin kwalekwale idan mun hau gadar Third Mainland, masu riƙe numfashi su nutsa da bokiti. Su tukunyar ƙarfe suke goyawa a baya, mai kama da tukunyar gas, da na'urar da ke miƙo musu iska a baki daidai buƙata. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙera irin wannan na'ura a 1943. Daga nan nutso ya zama sana'a ga wasu, abin shaƙatawa ga wasu, har aka sami shagunan da ba su da wani aiki sai hidimar masu nutso. Wanda ya taɓa zagaya bakin teku a Jidda ko Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar zai iya tuna ganinsu.

Na tambaye shi me ya sa ogansa yake tura shi wuri ɗaya kullum, alhali da nisa, kuma ba shi ne mafi araha ba. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, komai ana iya yin odarsa a waya, amma ban da iska.”

Ya yi mini bayani. Iskar da ake ɗurawa a tukunya iskar duniya ce da muke shaƙa, inji ke tace ta ya matse ta da ƙarfin gaske. Idan mai shago ya yi sakaci ya ajiye injin kusa da hayaƙin janareto, ko ya ƙi canza matata don tsimin kuɗi, gubar hayaƙi za ta shiga tukunyar. Wannan guba ba ta da wari ba ta da launi. Mai nutso ba zai san da ita ba sai ya yi nisa a ƙarƙashin ruwa, inda jiri kaɗan ya isa ya zama ajali. Ke nan duk wanda ya miƙa tukunyarsa a cika, ransa ya miƙa. Shi ya sa shagon kirki ba ya cika tukunyar da lokacin gwajinta ya wuce, ko nawa za ka biya. Ba ya kuma ba ka iska sai ka nuna katin shaidar ka koyi nutso, irin wanda ƙungiyar PADI, da aka kafa a Amurka a 1966, take bayarwa. Kana da kuɗinka a hannu za a ce maka a'a. Abin mamaki, wannan a'a ɗin ita ke riƙe musu mutane.

Su ma intanet ya taɓa su kamar yadda Jumia da Jiji da kasuwar WhatsApp suka taɓa mu. Mutum zai shiga shago ya gwada gilashin fuska, ya sha tambayoyi, ya fita ya saya a waya da rahusa. Shagon da ya dogara ga sayar da kaya kawai yana shan wuya. Wanda ya tsaya a kan abin da ba a aikowa a kwali, wato tsabtatacciyar iska da gyara mai kyau da shawarar gaskiya, shi ne mutane ke komawa gare shi, har su sayi sauran kayan a wurinsa ko da ya ɗara tsada kaɗan.

To, 'yan'uwa, mu mece ce iskarmu?

Mu ɗauki wake, tunda da shi aka san Iddo. Matar da ta zo daga Ebute Metta ko Surulere ta sayi buhu, idonta zai gane mata tsakuwa da ƙwari. Amma ba za ta iya gane an zuba masa fiya-fiya ko ba a zuba ba. Daidai take da mai nutso da tukunyarsa: ta miƙa maka lafiyar 'ya'yanta, ba ta da hanyar bincike sai amanarka. Kuma wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan zuba irin wannan magani a kayan abinci. Mutum ɗaya ke yi, amma idan magana ta fita a Legas ba sunansa ake kira ba. “Waken Malam” ake cewa, kowa ya kwashi rabonsa na baƙin jini. Ga shi kuwa akwai mafita. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da ɗigon magani ba. Ɗan kasuwar da zai iya kallon idon kwastoma ya ce “wannan babu magani, ga inda na saro shi,” kuma a same shi haka yau da gobe, ya mallaki abin da babu mai sayar da shi a waya.

Haka zancen mudu yake. Kowa ya san mudun da aka bubbuga gindinsa, da buhun da aka yi wa kyakkyawar fuska a sama aka cusa algus a ƙasa. Sura guda Allah Ya saukar a kan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifin, muna kuma jin ta a sallah. Ko a lissafin duniya ma asara ce. Ribar tauye mudu ta yini ɗaya ce, wanda aka cuta kuwa ba zai dawo ya yi faɗa da kai ba, ɗauke ƙafa kawai zai yi, ya kuma gaya wa maƙwabtansa.

Kada mu manta da abin da ya kafa mu a garin nan. Layin dogo ya tashi daga Iddo zuwa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Kakanninmu suka biyo shi da shanu da gyaɗa, suka koma da goro, har Agege ta zama zango. Ba su da banki ba su da lauya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda fatake ke kawo shanu daga Arewa, a ba mahautan Yarabawa bashi, maigidan da ya sauki baƙon shi ne zai tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai san yadda zai yi baƙonsa ya tafi da kuɗinsa, don kada sunan gidansa ya ɓaci a Arewa. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo tsakanin Kudu da Arewa a kan kalmar baki. Jarin da muka gada ke nan, kuma ya fi duk abin da ke cikin shagunanmu tsada.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Dawanau ko Potiskum ya tashi, ga kuɗin hanya, ga na rumfa, ga na 'yan dako. Mai saye ma aljihunsa ya ƙone, dole ya zagaya neman sauƙi, kuma ba laifi ya yi ba. Yanzu ma da jirgin Red Line ke tsayawa a Agege ya wuce har Oyingbo, zagayen ya ƙara masa sauƙi. Amma wannan hujja ce a kanmu. Idan farashi ne kaɗai ya haɗa ka da mutum, farashi ne zai raba ku, don kullum akwai wanda zai fi ka araha da naira hamsin. A lokacin tsanani ne ake gane na ƙwarai. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Akwai masu shagon da suka ce ɗauki kayan, idan turansfa ta shigo ta shigo. Akwai kuma waɗanda suka ga dama ta samu suka tsawwala. Ku duba yau ku ga rumfar wa ta fi cika. Mutane ba su manta ba.

Wani abin da ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kai shi ne dogaro da “ai ɗan'uwanmu ne, dole ya saya a wurina.” Babu wannan dolen. Zumunci zai iya kawo mutum rumfarka sau ɗaya, amma abin da ya tarar shi zai dawo da shi. Sau nawa muke shiga shago mu tarar da yaro ya duƙufa a kan waya, ka yi sallama ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba? Sau nawa aka ce “kaya in ya fita ba ya dawowa,” alhali aibin tun daga shago yake? Kwanan baya na sayi fitila mai caji a wani shago da na daɗe ina ciniki, kwana biyu ta mutu. Da na mayar, ko karɓa a duba ba a yi ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma tun ranar ban sake taka wurin ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Bahaushe, kuma ba a biyan ko kwabo a kanta. 'Yar gyaran da iyayenmu ke ƙarawa a kan mudu ma ba sakarci ba ne, igiya ce suke ɗaura wa mai saye.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu masu saye ma da namu. Ba daidai ba ne ka zaunar da mai shago rabin awa yana yi maka bayanin wace sola ce za ta ɗauki firijinka, ka gama kwashe iliminsa, ka je ka saya a waya saboda ɗan bambanci, sannan in ta lalace ka kawo masa ya duba maka kyauta. Mafi muni shi ne mai cin bashi ya canza hanya. Ranar babu kana wurin Alhaji da littafi, ranar da albashi ya shigo kuma sai ka kai tsabar kuɗinka wani wuri don kada a tuna maka. Irin wannan ne ya sa 'yan kasuwa da yawa suka rufe littafin bashi gaba ɗaya, marayu da zawarawan da ke biya a kan lokaci suka shiga ciki. Wanda ya rufa maka asiri ranar da ba ka da shi, yana da haƙƙi a kan kuɗinka ranar da kake da shi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu da na kasuwa, tare da fadar Sarkin Hausawa a kowace unguwa, su duba abu biyu. Na farko, a samar da mudu da sikeli na ƙungiya a wuri sananne, wanda duk mai shakka zai je ya sake auna kayansa ba tare da an harare shi ba. Na biyu, a naɗa dattawa kaɗan masu sauraron ƙorafi tsakanin mai saye da mai sayarwa, ko Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, a kashe magana a cikin gida kafin ta kai ga 'yan sanda ko ta hau Facebook. Wanda aka kama da zuba magani a abinci kuwa, kada a ce a rufa masa asiri don namu ne. Rufa masa asiri tona namu ne gaba ɗaya.

Kai kuma ɗan'uwa mai rumfa, gobe in ka buɗe, ka tambayi kanka: mene ne mutum zai samu a wurina wanda waya ba za ta kawo masa ba? Idan ka rasa amsa, kada ka ga laifin wanda ya wuce ka.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wanda yake da gyara ko ƙari, ƙofa a buɗe take. Wassalamu alaikum.