Kada Mu Bar Wa Kyamara Hukunci

Abin takaici ne a ce ɗalibin da ke warware lissafi mai wuya, in ya tsaya gaban Dutsen Kufena da kyamara, sai ya miƙa wuya ga na'ura. Alhali abubuwa uku ne kaɗai ke hukunta hoto: faɗin ƙofar haske, tsawon lokacin da take buɗe, da ƙarfin jin haske, watau ISO.

Ma'aunin hasken kyamara ba shi da wayo. Kowane fili toka-toka yake ɗaukarsa. Ranar da hazon hunturu ya sa sama ta yi fari fat, sai ya rage haske, dutsen ya fito baƙi ƙirin. Lalle ne mu ƙara mataki ɗaya da hannunmu.

In gari ya yi garau da rana, mu sa f/16, ISO 100, da 1/125 na daƙiƙa. Ƙuntatacciyar ƙofa irin wannan ita ke sa ciyawar gabanmu da dutsen nesa su fito sarai tare. Da yamma kuwa dole lokacin ya tsawaita, hannu kuma yana rawa, sai mu ɗora kyamarar bisa abin da ba ya motsi.