An ce hauhawar farashi ta sauka, to ina jarinmu ya kwana?

A watan Fabrairun 2025 ne Hukumar Ƙididdiga ta Tarayyar Nijeriya ta ba da sanarwar cewa hauhawar farashin kaya a watan Janairu ta tsaya a kashi 24.48 cikin ɗari, alhali kuwa a watan da ya gabace shi, wato Disambar 2024, ita wannan hukumar ce da bakinta ta ce kashi 34.80. Maki goma ke nan suka zube cikin wata guda, amma babu wanda ya ci kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari a wannan tsakani ya tarar kaya sun yi irin wannan faɗuwa. Mu da muke wannan ɓangare na iyaka, daga Ƙonni zuwa Maraɗi da Magariya, maganar ta shafe mu, domin yawancin hajarmu da naira muke saro ta.

Abin da ya faru shi ne, an sake ma'auni. Tun 2009 hukumar ke aiki da tsohon jerin kaya guda 740, sai ta mai da shekarar awo 2024, ta kuma ƙara kayan suka kai 934. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen abinci: a da ana ba shi nauyin sama da rabin lissafin gaba ɗaya, a sabon tsari kuwa aka rage shi zuwa kimanin kashi 40. Ba mu ce an yi ha'inci ba, domin ma'aunin da ya shekara 15 ya isa gyara, kuma kuɗin mota da na katin waya sun shiga rayuwar mutane fiye da da. Sai dai magidancin da aka zana cikin wannan lissafi, wanda yake kashe naira 40 kawai cikin kowace 100 a kan tukunya, ba shi ne yake tsayawa gaban rumfunanmu ba. Namu mai sayen, abin da ya samu yau da shi zai auni tiyar hatsi, ragowar ta tafi ga mai da magi, saboda haka tsadar abinci ta fi cizonsa fiye da yadda adadin gwamnati yake nunawa.

Akwai kuma wani ruɗani da ƴan siyasa ba su cika son warware wa jama'a ba. Idan aka ce hauhawa ta sauka, ba ana nufin farashi ya sauka ba ne, gudunsa ne ya ragu, kamar motar da ta sassauta amma ba ta juyo ba. Mu yi lissafi da alƙaluman hukumar kanta. A Disambar 2023 ta ce kashi 28.92, a Disambar 2024 ta ce 34.80. Ma'ana, kayan naira 100 a ƙarshen 2022 sun kai naira 174 cikin shekara biyu, na abinci kuwa kusan 187. Ɗan kasuwar da yake da jarin buhu 100 a wancan lokaci, idan ribarsa ba ta bi wannan gudu ba, zai ga kuɗi sun yi yawa a aljihu amma buhunan da za su sayo ba su kai 60 ba. Da yawa cikinmu haka jarinsu ya narke suna murnar ciniki.

Tushen abin sananne ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta kai wajen 1,500 a 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, shi ya sa jikka ɗaya ta haura naira 2,000 a hannun ƴan canji.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da babu hukumar da take aunawa. Nijeriya da naira take lissafinta, Cibiyar Ƙididdiga ta Yamai da sefa take nata, mu kuwa ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. A wata guda, mai riƙe da sefa yana iya ganin kayan Kano sun yi masa araha, mai riƙe da naira yana ganin wake da dabbobin Nijar sun gagare shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS, iyaka ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, kaya suka koma bin ɓarauniyar hanya, kuɗin dako da na shingaye suka hau kan kowane buhu. Hauhawar farashi a Nijar ta kai kimanin kashi 9 a 2024, ga ƙasar da ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta yanka wa kashi 3. A Oktoban wannan shekarar gwamnati ta hana fitar da hatsi in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, wanda hakan ma ya sake raba farashin gero tsakanin kasuwannin da tafiyar sa'a guda ce ta raba su.

Gaskiya ɗaya ce, a 2025 hatsi ya yi sauƙi a arewacin Nijeriya, bayan damina ta yi kyau da kuma ɗage harajin shigo da masara da shinkafa na kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024, adadin hukuma ma ya koma ƙasa da kashi 20 a watan Satumba. Magidanci ya ɗan numfasa. Amma wanda ya cika sito da masara a farashin 2024 yana jiran bazara, shi ya kwana ciki, ga kuɗin mota da hayar rumfa ba su bi hatsin sun sauko ba.

Shawararmu ga ƴan uwa ita ce, kowa ya riƙa ƙirga jarinsa da buhu ko katan ko bandir, ya rubuta canjin ranar da ya saro kaya kusa da farashinsu, kuma duk wanda zai ba da bashin da ya wuce kasuwa biyu, su yi magana tun farko da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa.