Raddi Ga Mai Cewa Bulala Ce Gatan Ɗalibi

Wani dattijon malamin makaranta, wanda nake ganin girmansa, ya rubuta cewa karatu da tarbiyya sun lalace ne tun ranar da aka fara ƙwace dorina daga hannun malamai. Na yarda da shi cewa akwai lalacewa. Inda muka raba gari shi ne musabbabinta.

Ya fara da hadisin Abu Dawud kan umartar yara da salla suna da shekara 7, da dukansu a kanta in sun kai 10. Allah ya gafarta malam, hadisin nan ba ya tare da kai. Tsakanin umarni da duka akwai shekara uku cur na koyarwa da lallashi, a kan salla ma ke nan, ginshiƙin addini. To ina hujjar zane ɗan shekara 6 don ya kasa haddace jadawalin sau? Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsawa bai taɓa sha ba. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba.

Sai ya ce hana duka aƙidar Turawa ce. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni mamaki daga bakin Bamalike. Ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malamai, ya taƙaita horo a bulala uku, ƙari sai da izinin uba, ya hana taɓa fuska da kai. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware fasali guda yana bayanin cewa tsanantawa cutar da ɗalibi take yi: tana kashe masa zuciya, ta koya masa ƙarya da yaudara, domin yaron da ke tsoron hannu zai nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Sweden, ƙasar farko da ta haramta dukan yara baki ɗaya, sai a 1979 ta yi hakan. Waye ya ari na wani?

"Mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane," in ji shi. Ana jin muryar waɗanda suka kai gaci ne kawai. Waɗanda suka tsere daga aji uku suka koma tasha, ba sa rubutu a jarida. Binciken da Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka fitar a 2016, wanda ya tattara nazarce-nazarce kan yara fiye da 160,000, ya gano cewa duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace. Gaskiya ne dukan iyaye aka duba, amma ban ga dalilin da bulalar malam za ta fi ta uba albarka ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce faɗuwar jarrabawa. Malam ya leƙa ajin da yara suka haura ɗari, wasu a ƙasa, babu littafi, malamin yana bin bashin albashi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in an dora masa darasin aji huɗu dole ya yi surutu, tunda ba ya fahimtar komai. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta gwada wata hanya: a auna kowane yaro, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba shekarunsu ba, a fara daga inda kowa ya tsaya. Makarantar allo ma haka take yi, kowa da allonsa, ba a wanke wa almajiri sai ya biya. Wannan ɓangaren na gadonmu ne malam bai ambata ba ko sau ɗaya a rubutunsa.