Amita bayan furfura

Waɗanda suka yi layin tikiti a sinimomin Plaza da Orion da Marhaba a Kano, da an ambaci Amita, hoton da ke zuwa musu shi ne dogon saurayin nan mai ɗaurarriyar fuska da ke tarwatsa 'yan daba shi kaɗai: na Zanjeer a 1973, na Deewaar da Sholay a 1975, na Don, na Mard. Ni kuwa na fi ganin girman Amita, wato Amitabh Bachchan, a finafinan da ya yi bayan furfura ta kama shi, kuma a nan ne nake ganin masu sana'ar fim a gidanmu ke da abin ɗauka.

An haife shi a Allahabad a 1942, mahaifinsa sanannen marubucin waƙoƙin Hindi ne. Ya fara fitowa a Saat Hindustani a 1969, kuma finafinansa da dama sun faɗi kafin Zanjeer ya ɗaga shi. Ko a shekarun da aka san shi da naushi, akwai alamun mutumin ya ɗauki wasa sana'a. Ku tuna Amar Akbar Anthony na 1977, wurin da ya bugu, ya sha kashi, ya tsaya gaban madubi yana yi wa hotonsa faɗa, har ya liƙa wa madubin filasta a maimakon fuskarsa. Babu abokin wasa, babu naushi, babu rawa, shi kaɗai ya riƙe 'yan kallo. A Agneepath na 1990 kuma ya yi kasadar da jarumai ba su cika yi ba: ya ajiye muryar nan tasa da ake sayen tikiti dominta, ya yi magana da wata dasasshiya saboda yana ganin ita ta dace da ɗan ta'addar da yake takawa. 'Yan kallo suka ƙi, dole aka sake ɗora muryar da aka saba ji. Duk da haka da wannan rawar ya fara cin kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasar Indiya.

Sai aka zo shekarun da masoyansa ba sa son a tuna. Ya shiga siyasa a 1984, ya fice a 1987. Ya kafa kamfanin ABCL, wanda ya shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, kamfanin ya durƙushe, bashi ya yi masa katutu. A fim ma ya nace sai ya ci gaba da zama saurayin da, ya haura hamsin yana tsalle yana dukan samari a Mrityudaata na 1997 da Lal Baadshah na 1999. Mutane suka juya masa baya, kuma da gaskiyarsu.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya taka gidan furodusa Yash Chopra ya ce aiki yake nema. Aikin da aka ba shi a Mohabbatein na 2000 na dattijo ne, shugaban makaranta mai taurin kai, da farin gemu, soyayyar kuwa aka bar wa Shah Rukh Khan da yaran zamani. Ya karɓa. Daga nan ne, a ganina, ɗan wasan gaske ya fito fili.

A Black na 2005 malami ne da ke koyar da yarinya makauniya kuma kurma, daga baya cutar mantuwa ta cinye shi. A Paa na 2009 ya fito a yaro ɗan makarantar da ke fama da cutar da ke tsufar da jiki da wuri. Aka sauya masa kamanni, ya ƙanƙantar da murya, ya canza tafiya, ɗan cikinsa Abhishek ya fito a matsayin ubansa. Wanda na fi so shi ne Piku na 2015. Tsoho ne mai mita, ba shi da zance safe da yamma sai na cikinsa da ya ƙi saki, ya hana 'yarsa sakat. Wane babban jarumi ne zai yarda a gina masa fim a kan taurin bayan gida? Ya yarda, ya ƙara tumbi, ya bar kansa ya zama abin haushi da abin dariya, har mai kallo ya tsinci kansa yana tuna wani tsoho na gidansu. Duka ukun sun kawo masa kyautar nan ta gwarzon ɗan wasa ta ƙasa.

A nan Kannywood, da ɗan wasa ya fara furfura an gama yanke masa hukunci. Za a sa masa babbar riga, a zaunar da shi a kujerar falo, ya ce bai yarda da auren ba, can ƙarshen fim ya sa albarka. Mace kuwa ko uwar miji mai makirci ko Hajiya mai kuka a bakin gado. Mutanen da suka shafe shekaru suna wasan daɓe da na rediyo da talabijin, waɗanda suka fi kowa sanin inda ake yin shiru a cikin magana, su ake kira a ba su fitowa biyu a sallame su da kuɗin mota.

Wani zai ce Indiya kuɗi gare ta. To, amma Piku yawancinsa a cikin gida da cikin mota aka yi shi. Abin da aka kashe wa lokaci shi ne rubutu. Laifin na marubuta ne da furodusoshi da ba sa ganin tsoho a matsayin mutum mai nasa buri da tsoro da wauta. Dattawan ma suna da nasu kaso, don wasu ba za su yarda a nuna su cikin rauni ba, sai dai a Alhaji mai faɗa a ji.

Yanzu da kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, uzurin rashin fili ya ƙare. Labarin da ake ja har zango biyar yana da wurin da zai ɗauki ɗan fansho da ke zaryar neman haƙƙinsa, ko tsohuwar ungozoma da asibiti ya raba da sana'arta, a matsayin masu labarin, kuma waɗanda za su taka su suna raye a Kano da Kaduna da Jos.