Ƙyallin Keken Doki Ba Ya Wanke Jini

A gidan tarihin Wells Fargo na San Francisco, a Amurka, an riƙa baje kolin keken doki da ɗanyar zinariya. Kyan ɗan maciji ke nan. Sa'ad da aka gano zinariya a Kaliforniya a 1848, 'yan asalin yankin sun kai kimanin 150,000. Zuwa 1870 saura kimanin 30,000. Cuta da yunwa da bindiga suka cinye su, gwamnatin jihar na biyan mayaƙan da ke farautar su. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya kira abin kisan ƙare dangi, ya nemi gafara. To, duk gidan tarihin da ke alfahari da keken nan, wajibi ne ya rubuta wannan adadi a bakin ƙofarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.