Shekarar Farko A Jami'a Uwar Kuɗi Ce

 Yau maganata da iyayen da 'ya'yansu suka samu gurbi a jami'a bana ce, musamman mu na zangunan Kumasi, inda yaro zai hau torotoro daga Aboabo ko Asawase ya sauka Tech Junction, ga ƙofar KNUST tana kallonsa. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a Gana a 2017, gidajen da ba su taɓa fitar da ɗan jami'a ba sun soma fitarwa. An yi murna, an yi addu'a, an sayi akwati da katifa. To sai me? Yawancinmu mun san nawa muka biya, amma ba mu san yadda ake lissafin abin da yaron zai fito da shi ba.

A KNUST, duk makin da ɗalibi ya ci tun daga zangon karatunsa na farko ana tara shi, a auna da nauyin kowane darasi, a fitar da matsakaici guda ɗaya da suke kira CWA. Wanda ya kai 70 ya samu digiri mai daraja ta ɗaya. Daga 60 zuwa ƙasa da 70 daraja ta biyu babba, daga 50 zuwa ƙasa da 60 ta biyu ƙarama. Ku ɗauko kalkuletar shago mu buga. A ce shekaru huɗun nauyinsu ɗaya, yaro ya gama shekarar farko da 52. Kafin ya taɓo 60 sai ya riƙa cin kusan 63 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. In kuwa 70 yake hange, sai ya ci 76 sau uku a jere, abin da ko haziƙan aji sai sun yi gumi. Ɗan kasuwa ya san wannan ciwon: wanda ya taɓa uwar kuɗi a farkon shekara, ragowar watannin cike gurbi yake yi, ba riba yake ci ba.

Mene ne ke cin wannan uwar kuɗin? Sau da yawa mu ne, kuma da kyakkyawar niyya. "Zo ka tsare min shago, zan je Tema fitar da kaya." "Mota ta iso daga Lome, je ka ƙirga dila." In mace ce, ga suna, ga biki, ga girkin baƙi. Uba ya duba jadawalin ɗansa ya ga ranar Laraba lacca biyu kacal gare shi, sai ya ɗauka ragowar yinin nasa ne. Alhali waɗannan awannin da babu komai a rubuce su ne ainihin karatun: ɗakin karatu, rubuta rahoton gwaji, aikin rukuni, bitar abin da malami ya zuba cikin awa biyu ya fice. A sakandare ƙararrawa ce ke tashin yaro ta kwantar da shi. A jami'a babu mai buga masa ƙararrawa, kuma babban girman da zai yi a wannan shekara shi ne ya koyi buga wa kansa. Yaya zai koya in wayarsa na ƙara kullum daga kasuwa?

Shi ya sa nake ganin duk mai hali ya bar yaro ya kwana cikin makaranta a shekarar farko, ko da gida na nan kusa. Dama sabbin ɗalibai ake fifitawa a ɗakunan kwanan jami'ar. Daga shekara ta biyu sai neman haya a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, kuma can kuɗin ba wasa ba. Wanda bai da hali ba laifi, amma a ware wa yaron lungu da fitila, a kuma gaya wa 'yan gida cewa daga isha'i zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ba a aikensa, ko da sayen sukari ne.

Sai batun sha'awa, kuma nan ne ake yawan samun saɓani. Da yawa cikin yaranmu likitanci ko haɗa magunguna ko lauya suka nema, aka ba su wani fannin saboda gurbi kaɗan ne, masu nema dubbai. Akwai 'yar wata mai atamfa a Kejetiya da na sani, haɗa magunguna ta so aka ba ta kimiyyar sinadarai. Wata biyu da farawa ta dawo gida da kuka.

"Mma, wannan karatun fa ba nawa ba ne. Gara in dawo shago in sake nema baɗi."

Uwar ba ta yi boko ba, amma ta san kaya. Ta ce, "Ni sabon zane sai ya yi wata uku a rataye kafin in ce ba ya tafiya. Ki ba shi shekara guda, 'yata. In kin gama har yanzu ba kya so, mu zauna da Babanki."

Yarinyar ta koma. A zango na biyu aka shiga bayanin mai da kitse da yadda sabulu ke haɗuwa, sai ta tuna man kaɗanyar da kakarta ke kawowa daga Tamale, wanda wani lokaci yake canza wari in ya daɗe. Ta fara tambayar malamai dalili. Yanzu tana shekara ta uku, ba ta ƙara ta da maganar shago ba. Ban ce kowa haka zai dace ba. Akwai wanda da gaske fannin bai karɓe shi ba, kuma canzawa da wuri ya fi masa. Amma wata biyu ya yi kaɗan a yanke hukunci.

Haka nan in yaro ya ce ya shiga ƙungiyar muhawara, ko ƙwallo, ko GMSA ta ɗalibai Musulmi, ko yana zuwa Focus FM, gidan rediyon jami'ar, koyon aiki, kada a yi saurin cewa shiririta ce. A nan yake koyon tsayawa gaban mutane ya yi magana, a nan yake samun na gaba da shi da za su ba shi tsofaffin takardun jarrabawa su nuna masa inda malami ke kama mutane. Ɗaya ko biyu sun isa. Abin da ni ya fi ba ni tsoro shi ne sha'awar da muke tafa wa. Ɗan ɗan kasuwa in ya shiga makaranta, kasuwa yake fara gani: dubban ɗalibai, kowa na son turare da abaya da rigar waya. Sai ya fara ɗora kaya a WhatsApp, kuɗi na shigowa ta MoMo, uba na alfahari a majalisa wai jini ba ya ƙarya. Riba yau take zuwa, digiri sai bayan shekara huɗu, ka ga kuwa zuciya ta san wanda za ta bi. Yaron da ke kai wa kwastoma kaya a lokacin lacca ya riga ya zaɓa, ko bai faɗa ba. A bar sana'ar sai hutu, aƙalla har shekarar farko ta wuce.

In kuma aka faɗi darasi, abin da ɗalibai ke kira tirel, ba ƙarshen duniya ba ne, akwai damar sake rubutawa. 'Yan'uwanmu na Yamai da Marwa da Ngaundere tsarinsu ya ɗan bambanta, maki bisa 20 ake yi, ana neman 10, ga kuma jarrabawar ratirafaj ga wanda ya gaza. Amma ko'ina matsalar ɗaya ce: yaro ya faɗi, ya ji tsoron faɗan gida, ya ɓoye, ya ɗauki tsohon darasi ya haɗa da sababbi shi kaɗai har kayan su fi ƙarfinsa. Naci yana son abokin shawara.

Sakamakon zangon farko a wayarsa yake fitowa. Ku ce ya buɗe muku, ku zauna tare, ko ba ku iya Turanci ba ai kun iya lamba. In kun ga 48 a wani wuri, ku haɗiye faɗan tukuna, ku tambaye shi wane ne ya fi kowa gane darasin a ajinsu, kuma yaushe zai je ya same shi.