DARA BA TA DA LITTAFI

Gabatarwa

Akwai wani abokin karatuna, ɗakinmu ɗaya da shi a nan jami'a, wanda Allah Ya ɗora wa son wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawa su ce ces, mu kuwa mukan ce darar Turawa. Ba sana'arsa ba ce, bai kuwa taɓa samun ko kwabo da ita ba. Duk da haka, in ya ji labarin gasa sai ya tsimi kuɗin abincinsa ya biya mota, ya je ya kwana biyu ko uku, a cinye shi a wasa uku ya ci biyu, ya komo da 'yan takardu a aljihu. Da dare sai ya baje takardun nan, ya jera 'ya'yan wasan, ya bi tafiyar ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya yi kuskure, sa'an nan ya aika wa abokan wasansa ta waya su yi ta muhawara a kai. Ganin wannan hali nasa shi ya sa na tuna da darar garinmu Kiru, na kuma ga ya dace in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani aiki da ya rataya a wuyan wannan sashe namu. Ra'ayina shi ne, abin da ya ɗaukaka shaɗaranji bisa dara rubutu ne, kuma muddin ba mu rubuta dara ba, to, muna kallo za ta bi tsofaffinta kabari.

Yadda alƙalami ya raya shaɗaranji

Da farko dai, sunan nan na darar Turawa ma akwai gyara a cikinsa. Asalin wasan daga Indiya yake, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi daga hannun Farisawa, su ne kuma suka kai shi Andalus, daga nan ya bazu cikin Turai. Tun a ƙarni na 9 wani gwani a Bagadaza mai suna Al-Adli ya wallafa littafi a kan wasan, bayansa kuma Al-Suli, wanda ya rasu wajen shekarar 946, ya yi nasa. Watau shekara fiye da dubu ke nan ana rubuta dabarun wannan wasa, na baya yana ɗorawa a kan abin da na gaba ya bari.

Ga misali guda da zai isa. A shekarar 1851, a birnin Landan, wasu gwanaye biyu, Anderssen da Kieseritzky, sun yi wani wasa na nishaɗi kawai, ba ma cikin gasa ba. Da yake an rubuta tafiyarsa, har yau ana koyar da shi, abokin nan nawa ma ya haddace shi kamar karatun allo. Mutanen nan biyu sun daɗe da zama ƙasa, amma wasan da suka yi cikin yini guda yana nan daram.

A kan rubutun nan aka gina sauran abubuwa. An kafa hukumar wasan ta duniya, FIDE, a birnin Faris a 1924. A 1970 ta karɓi tsarin Arpad Elo na auna ƙarfin ɗan wasa da lamba, ta yadda in ka ci wanda ya fi ka lambarka ta hau, in na ƙasa da kai ya ci ka ta sauka. Magnus Carlsen na ƙasar Norwe ya kai 2882 a 2014. Abokina bai ko kama ƙafar wannan ba, amma ma'auni ɗaya ake auna su da shi, ya kuma san matsayinsa da tazarar da ke gabansa. A gasa ta sosai wajibi ne kowane ɗan wasa ya rubuta tafiyarsa da ta abokin karawarsa, ga agogo a gefe yana ƙidaya wa kowa lokacinsa, in kuwa ka taɓa ɗa to sai ka tafiyar da shi. Nijeriya ta kafa tata hukumar a 1975, a 1998 kuma Odion Aikhoje ya ciwo mata lambar zinariya a gasar ƙasashen duniya da aka yi a garin Elista na Rasha. A 2018 Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas wannan wasa, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 ya zauna a tsakiyar birnin New York ya yi awa 60 yana bugawa domin tara kuɗin karatun yara. Duk wannan ya yiwu ne saboda wasan yana da doka ɗaya rubutacciya wadda ɗan Legas da ɗan Amurka suka yarda da ita tun kafin su haɗu.

Halin da dara ke ciki

To, mu komo gida. Wanda duk ya tashi a Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san cewa da an kawar da amfanin gona, an shiga rani, sai gindin bishiya da bakin kasuwa su cika da 'yan dara. Ba a sayen komai. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsinken kara, wancan ya ɗauki tsakuwa. Za a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'ya 24 su zauna, gurbi 6 su rage babu kowa. Daga nan sai tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. Wanda 'ya'yansa suka gaza uku, an kashe shi.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan wasan yara ne. Wanda ya zauna gaban gwani ya san ba haka ba ne, domin tun a wurin dasawa ake cin wasa ko a faɗi. Gwani yakan dasa ɗa a wani gurbi da kai kake ganin ba shi da amfani, sai an yi tafiya goma sa'an nan ka ga dalilinsa, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Lissafi ne da hangen nesa da karanta zuciyar abokin karawa, daidai da abin da ake yabon shaɗaranji da shi.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ban taɓa ganin an cinye shi ba. Ranar kasuwar Kwanar Ɗangora mutane sukan biyo ta wajensa musamman domin su gwada sa'arsu, su koma da kunya. Yana da wata irin dasawa tasa wadda kowa ya san ta da gani, amma babu mai iya maimaita ta. Da na je hutun da ya wuce, bayan rasuwarsa, na zauna da mutum uku daga cikin waɗanda suka fi yawan karawa da shi, na roƙe su su jera mini dasawar nan. Kowa ya jera tasa daban, gardama ta kaure, aka tashi ba a daidaita ba. Shekara wajen arba'in mutumin nan yana wasa, amma ko wasa ɗaya nasa bai rage a duniya ba, domin da an tashi ake share gurabun da ƙafa. Samarin da ya kamata su gaje shi kuwa suna nan a gindin bishiyar, sai dai kowa ya sunkuya kan wayarsa, waɗansunsu ma ludo suke yi a ciki.

Rashin rubutun nan ya haifar da wata matsala kuma, watau saɓanin doka. A wani gari in ka jera huɗu ba ka ci ba, a wani garin kuwa sai an yi ta musu. Haka nan batun jera uku tun a lokacin dasawa, da batun ko ana cire ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera. Shi ya sa in baƙo ya zo, kafin a dasa ɗa guda an ɓata lokaci wajen sharaɗi. Alhali kuwa wasan ya wuce ƙasar Hausa, gama Dakarkari suna yin sa, Zabarmawa a Jamhuriyar Nijar ma suna yi, suna kiransa dili. Wasan da ya game ƙasashe haka bai kamata a ce mutanen ƙaramar hukuma ɗaya sun kasa haɗuwa a kan dokarsa ba.

Abin da masu suka za su ce

Na san akwai mai cewa dara aikin marasa aikin yi ce, kuma malamai sun hana. Wannan magana ba abin rainawa ba ce. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana wasan shaɗaranji, Imamu Malik ma bai ga alheri a cikinsa ba, ko da yake a mazhabar Shafi'i an tsaya ne a kan karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni ɗalibin Hausa ne, fatawa kuwa ta malamai ce. Na kuma ga da idona inda dara ta sa magidanci ya bar gonarsa, na ga inda aka sa kuɗi har zumunci ya ɓaci. Hausawa da kansu ba su ɓoye wannan ba, tun da suka ce dara ta ci gida. Amma a wannan sashe muna nazarin bori, muna nazarin waƙoƙin 'yan dambe da na 'yan tauri, ba wanda ya ce yin haka shiga bori ne. Aikinmu shi ne mu adana abin da Bahaushe ya ƙaga da basirarsa, mu bayyana shi yadda yake. Bugu da ƙari, wasan da aka yi wa doka da lokaci da alƙali ya fi nisa da caca bisa wanda aka bari a lungu ba mai sa ido.

Wani kuma zai ce, in dai wasan kaifafa tunani ake so, me zai hana a koya wa yaranmu shaɗaranji kawai, tun da an riga an gama masa komai? Ban ƙi a koya ba, ina ma murna da abokina. Sai dai allon shaɗaranji da 'ya'yansa 32 kuɗi ne, littattafansa kuma da Turanci suke, ga shi malamin da zai koyar ba ya samuwa a ƙauye. Dara kuwa ƙasa ce da kara da tsakuwa, malamanta suna nan a kowace unguwa, da Hausa kuma suke koyarwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shawara

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a samar wa dara hanyar rubuta tafiya. Ga wadda na gwada: a ba gurabun lamba daga 1 zuwa 30, layin farko 1 zuwa 6, na biyu 7 zuwa 12, haka har ƙarshe. Dasawa sai a rubuta lambar gurbin kawai, tafiya kuwa a rubuta inda ɗa ya tashi da inda ya sauka. Misali, mai 'ya'ya a 8 da 9 da 14 da 15, in yana da na biyar a 16, sai ya tafi 16-10 ya jera 8, 9, 10 ya ci, ya komo 10-16 ya jera 14, 15, 16 ya sake ci. Wannan shi ne tarkon da kowane ɗan dara ke tsoro, ga shi kuwa ya shiga layi biyu na rubutu, yaro ma zai iya koyonsa daga takarda.

Na biyu, malamanmu su ba ɗalibai wannan fage a matsayin kundin digiri. Ɗalibi guda ya ɗauki Kiru, wani Bebeji, wani Tudun Wada, wani Doguwa, kowa ya zauna da gwanayen wurin ya rubuta wasa hamsin cikakku, ya tattara dokokinsu da kalmomin da suke amfani da su, da kirari da habaicin da ake yi a bakin gurbi. Wayar nan da muke kuka da ita ma sai ta yi amfani wajen ɗaukar hoton wasan daga farko har ƙarshe. Na uku, in an kwatanta abin da aka samo, sai a kira gwanayen kansu su zauna su fitar da doka ɗaya ta gasa, a bar kowane gari da tasa a gida. Na huɗu, Ƙungiyar Hausa ta sa gasar dara cikin Makon Hausa, a rubuta sakamakon, a buga wasan ƙarshe a cikin wannan mujalla. Kokowa ma ai a dandali take, har Jamhuriyar Nijar ta mai da ita gasar ƙasa a Tawa a 1975, yau ga shi duk ƙasar takan tsaya cik domin kallonta.

Kammalawa

Da Frank Edgar bai fara buga tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa ba a 1911, da Ibrahim Yaro Yahaya bai tattara Tatsuniyoyi da Wasanni ba, da yawancin abin da muke nazari a aji yau ya salwanta. Dara tana jiran irin wannan hidima, gwanayenta kuwa kullum raguwa suke yi. Na koya wa abokina dara a bayan ɗakin kwananmu, ya cinye ni a wasa na huɗu, sa'an nan ya tambaye ni littafin da zai karanta domin ya ƙara ƙwarewa. Na yi shiru, domin ba ni da abin da zan miƙa masa. Ina fata kafin mu bar wannan jami'a a sami wanda zai fara rubuta shi. Allah Ya sa mu dace, amin.